Wutar Ƙaiƙayi a Ƙirji

Kakata ta wajen uwa ba ta kwanciya da hunturu. Da zarar hazo ya sauka a Kano, sai ta jera matasan kai uku a jikin bango, ta jingina, ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu, kafaɗunta suna hawa suna sauka kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi. A haka za ta kwana. Ni ce 'yar ɗakinta, don haka da kukan ƙirjinta na saba yin barci, wani siririn fito mai kama da kukan 'yar mage da aka rufe a ɗaki. In abin ya tsananta sai ta taɓa ƙafata, don ba ta iya magana, ni kuwa na san aikina. In tashi in tono garwashi a kasko, in jawo ƙullin busasshen ganyen zaƙami daga ƙarƙashin gado, in barbaɗa kaɗan. Ta sunkuya ta shaƙi hayaƙin. Wata rana ƙirjin ya ɗan saki, wata rana mu kai asuba a haka. In gari ya waye ta sami kanta, sai ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Kishiya, jiya ma na hana ki barci ko?"

Fuka ake kiran ciwon a gidanmu, kuma sunan ya ja mata wata wahalar ta daban, domin mutane suna haɗa shi da tarin fuka mai yaɗuwa. Akwai maƙwabciyar da ba ta yarda ta sha ruwa a moɗarta. Asma kuwa ba a ɗaukarta a moɗa, sai dai takan bi jini. Ta tsallake mahaifiyata ta faɗo kaina tun ina firamare, daga baya ta faɗa kan 'yata ta biyu. Mu uku ke nan da ciwo ɗaya, muna shaƙar ƙura ɗaya, wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi tana zube mana kowace shekara. Amma kowacenmu da irin zaman da ta yi da shi. Abin da ya raba zaman nawa gida biyu shi ne wani ɗan gwangwani da bai kai tsawon tafin hannu ba, da wani darasi da na daɗe ina ƙi: akwai maganin da ranar lafiya ake shansa.

Ƙuruciyata zamanin allura ne da ƙwaya. In numfashi ya sarƙe, Baba ya ɗora ni a babur cikin dare sai asibiti. A yi mini allurar aminofilin a jijiya sannu a hankali, zuciyata tana dukan uku-uku, in yi amai, sannan iska ta fara shiga. A sallame mu da ƙananan fararen ƙwayoyi masu sa rawar hannu, har rubutuna ya riƙa karkacewa a aji. Inhela kuwa ana jin labarinta, amma tsoronta ake yi. Cewa ake wanda ya fara ta ba ya rabuwa da ita har kabari, kuma sai ciwo ya gagari likita yake rubuta ta. Ranar da aka rubuta mini ita, ina sakandare, Inna ta karɓa ta ƙulle a bakin zane. Ta ce, "Kada ki kuskura ki fito da ita a gaban mutane. 'Ya mace ce ke, gidan wani za ki." A banɗakin makaranta na riƙa shaƙarta.

Shuɗiya ce, mai sinadarin salbutamol, wadda kowa ya sani da suna Ventolin. Ba zan manta shaƙar farko ba. Huhuna da ke ɗaure tamau kamar huhun goro, kafin minti biyar ya warware. Sha yanzu magani yanzu da masu talla ke alkawari a bakin kasuwa, ga shi na gani a jikina. Daga ranar na ba ta amana. Da ita na yi aure, da ita na haihu, da ita na shiga aikin koyarwa da ƙurar allinsa. Ɗaya a jaka, ɗaya a ƙarƙashin matashi, ɗaya a kicin. Kowane gwangwani shaƙa 200 ne, amma da hunturu ba ya kai mini wata. In an tambaye ni jiki sai in ce alhamdu lillahi, na shawo kan abin, kuma har zuciyata nake faɗa. Tashi sau biyu cikin dare ina laluben inhela ban ɗauke shi ciwo ba. Ai na ga daren kakata, nawa kuwa a kwance nake yinsa.

Bikin ƙanwar maigidana ne ya tona asirin. A tsakiyar hunturu aka yi shi, kwana uku ina cikin turaren wuta da hayaƙin girki da ƙurar shara. Daren kai amarya ƙirjina ya rufe. Na shaƙa biyu, na ƙara biyu, na ƙara huɗu, kamar ina hura iska a bango. Kwana huɗu na yi a gadon asibiti da robar oksijin a fuska.

Ranar sallama wata likita, wadda na girme ta nesa ba kusa ba, ta ja kujera ta zauna a gefena. Ta ce, "Malama, shuɗiyar nan kwana nawa take yi miki?" Na faɗa mata ina jin daɗi, don a ganina shaida ce ta ba na wasa da magani. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kin san wutar ƙaiƙayi?" Na ce wa bai santa ba, sama toka, ƙasa jajur. Ta ce to ita ce a ƙirjina. Ta juya takardar sallamar ta zana mini bishiya a kife. Hanyoyin iska a huhu haka suke rassa-rassa, suna sirancewa har su kai kaurin zare. Kowace tana da laushin shimfiɗa ta ciki, da tsoka da ta naɗe ta ta waje. A jikin mai asma shimfiɗar nan a kumbure take, tana fitar da majina mai kauri, har a ranar da yake jin kansa garau. In ƙura ko hayaƙi ko sanyi ko mura suka taɓa ta, sai tsokar ta damƙe. Shuɗiya tsokar kawai take saki, na awa huɗu zuwa shida, kumburin ko kallonsa ba ta yi. "Hayaƙin kike kora da mafici, Malama," in ji ta. "Wutar tana nan tana ci." Ta miƙo mini wata inhela mai ruwan ƙasa, mai maganin beklometazon, ɗan gidan sitiroyid. Safe da dare, kullum, ko ina lafiya. Ta ƙara da cewa, "Musamman ma in kina lafiya."

Kwana goma na yi na ajiye ta a bayan madubi. Nakan shaƙa, in tsaya ina sauraren jikina, in ji shiru. Ƙirji bai saki ba, hannu bai yi rawa ba. Mu kuwa mun taso ne a kan cewa magani sai ya nuna kansa, ya yi ɗaci ko ya sa gumi, in allura ce ta yi zafi. Kuma mai lafiya ba ya shan magani. Duk wanda aka gani da shi a hannu sannu ake yi masa. Yaya zan kashe kuɗi a kan abin da ban ji aikinsa ba, alhali ga wadda ke cetona cikin minti biyar?

Kafin shekara ta zagayo na koma gadon nan, na kuma haɗu da likitar nan. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Ki ba ni wata uku. Duk daren da kika tashi neman shuɗiya, ki sa alama a kalanda." Akwai kalandar makarantarmu a bangon ɗakina, na ɗaure biro da zare a jikin ƙusarta. Makonnin farko suka yi baƙi da alamu. A wata na biyu alamun suka fara rarrabuwa, nan ɗaya, can ɗaya. Ranar da na zo yage shafin wata na uku sai na tsaya da shi a hannu, alama biyu ce kawai a ciki. Na tuna rabona da sayen shuɗiya tun kafin a fara lissafin. Aikin da jikina ya kasa ji, biro ya nuna mini shi. Maganin nan ladansa dare ne da ya wuce ba abin da ya faru a cikinsa, shi ya sa yake da wuyar gode wa.

Da na shiga karance-karance a kan ciwon, sai na tarar likitocin duniya ma ta hanyata suka bi, kuma da rayuka aka biya kuɗin karatun. Zaƙamin kakata ba shirme ba ne. Yana ɗauke da sinadari mai sassauta hanyar iska, har Turawa sun daɗe suna sayar da sigarin asma da aka yi da ganyen danginsa, sai dai guba ne, ba a banza ake ce masa haukata-yaro ba. Inhela irin ta yau a 1956 ta fito daga kamfanin Riker na Amurka, bayan 'yar shugaban kamfanin, yarinya mai shekara 13 da ke fama da asma, ta tambayi mahaifinta abin da ya hana a sa maganinta a gwangwanin fesawa irin na gyaran gashi. Duniya ta yi murna da ita yadda na yi. Amma a shekarun 1960 sai mutuwar matasa masu asma ta yi tashin gwauron zabo a Ingila da Ostareliya da Niyu Zilan, daidai lokacin da wata inhela mai ƙarfi ta sinadarin aisofirenalin ta cika hannun mutane. Aka sake maimaitawa a Niyu Zilan daga 1976 da wani magani mai suna fenoterol, har sai da masu bincike a birnin Wellington suka nuna alaƙar a 1989, aka taƙaita shi, mutuwar ta sauka. Ban da illar waɗannan magunguna ga zuciya, akwai wani haɗari da na sani a jikina: sauƙin nan take yana rarrashin mutum ya zauna a gida har lokaci ya ƙure.

Ruwan kashe wutar ta wata hanya ya zo. A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke yin sinadarin da jiki ke kwantar da kumburi da shi. Kwatankwacinsa, kotizon, an fara gwada shi a kan mai ciwon gaɓoɓi a Amurka a 1948, kuma a 1950 aka ba mutum uku lambar Nobel saboda shi. Ƙwayoyinsa sun taimaki masu asma, amma in aka daɗe a kansu sai fuska ta kumbura, sukari da hawan jini su taso, ƙashi ya yi rauni. Wani likita a garin Derby na Ingila, Harry Morrow Brown, ya riƙa duba majinar marasa lafiyarsa a madubin likita, ya gano cewa masu wasu ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil a cikin majinarsu su ne maganin ke yi wa aiki. Ya buga wannan a 1958. Da aka sa beklometazon a gwangwanin inhela, maganin da tun farko don man shafawa na ciwon fata aka yi shi, shi ne ya gwada shi a kan irin waɗannan mutane, da yawansu suka rabu da ƙwayoyin. A 1972 ya buga sakamakon, a shekarar kuma maganin ya shiga kasuwa da suna Becotide. Kakata tana da rai a 1972. Ta ƙara shekaru masu yawa tana kwana a zaune, ta koma ga Allah ba ta taɓa jin sunansa ba. Duk lokacin da na ci karo da wannan shekara a rubuce sai na ajiye littafin.

Inda aka riƙe maganin da gaske an ga abin da ya haifar. Ƙasar Finlan ta kafa shirin asma na shekara goma daga 1994, ƙarƙashin jagorancin likita Tari Haahtela, a kan tushe ɗaya: asma ciwon kumburi ne, a gano shi da wuri, a fara sitiroyid na shaƙa da wuri, a koya wa likitoci da nas-nas na ƙananan asibitoci da masu sayar da magani. Kwanakin da masu asma ke yi a gadon asibiti suka faɗo daga 110,000 a 1993 zuwa 51,000 a 2003, alhali yawan masu ciwon ƙaruwa ya yi. A Kanada kuma, wani bincike a lardin Saskatchewan da aka buga a 2000 ya nuna duk ƙarin gwangwani ɗaya na sitiroyid da mutum ya shaƙa a shekara yana tafiya da raguwar haɗarin mutuwa da kashi 21 cikin 100, kuma haɗarin yana hawa a watanni ukun farko bayan an daina. Da na karanta wannan na ƙarshe na tuna inhelar da na bari a bayan madubi, na yi istigfari.

Jarrabawa ta biyu ta zo ne da 'yata. Tana shekara shida tari ya fara tashinta da dare, in ta yi guje-guje da ƙawaye sai ta tsuguna tana haki. Aka rubuta mata irin tawa, mai ƙaramin awo. Surukata ta ji kalmar sitiroyid a bakin wata jikarta mai karatun aikin jinya, ta aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Ke 'yar nan, yanzu yarinyar nan za ku ɗora wa sha-ka-fashe?" Tsoronta yana da tushe. Ta ga 'yan matan unguwa da ke haɗiyar dekzametazon don su yi ƙiba, fuska ta yi suntum, ƙafa ta rame. Ta ga abin da man bilicin ya yi wa fatar wasu. Duk dangi ɗaya ne da maganin 'yata. Na ce, "Hajiya, gishirin da ake barbaɗawa a miya da wanda ake ci da cokali ai duk gishiri ne." Na yi mata lissafin yadda aka yi mini. Ƙwayar firednisolon da ake ba babba in asma ta tashi takan kai miligiram 40 a rana, wato maikirogiram 40,000, kuma jini take bi ta zaga jiki duka. Abin da nake shaƙa a yini maikirogiram 400 ne, na yarinyar bai kai haka ba, kuma inda ciwon yake nan yake sauka. Wanda ya ƙi na shaƙa don tsoron sitiroyid, ƙarshenta shi zai fi kowa haɗiyar sitiroyid a gadon asibiti.

Ban ɓoye mata illarsa ba, don na ɗanɗana. Wanda ya maƙale a baki yakan sa wani farin abu kamar kindirmo ya fito a harshe, yakan kuma dishe murya, malamar makaranta kuwa murya ce jarinta. Maganin wannan kurkure baki a tofar bayan kowace shaƙa. Akwai kuma batun tsawo. A Amurka an bi yara 1,041 tun suna ƙanana har suka girma, aka tarar waɗanda suka yi shekaru suna shaƙar budesonayid sun gaza sauran da kimanin santimita 1.2, abin da bai wuce faɗin ɗan yatsa ba. Na daɗe ina auna wannan yatsa a zuciyata, don uwa ba ta son a rage wa ɗanta ko ƙwayar zarra. Na ɗora shi a sikeli ɗaya da dararen asibiti, da makarantar da za ta riƙa fashi, da daren kai amaryar nan, na zaɓa. Hajiya ta ce Allah ya sa a dace, ba ta ƙara cewa komai ba.

Yaro ba ya iya haɗa danna gwangwani da jan numfashi a lokaci guda, sai maganin ya ƙare a harshensa. Akwai wata roba da ake sayarwa don wannan, ana ce mata sifesa, amma ba ko'ina ake samunta ba. Wata nas ce ta koya mana dabarar robar ruwa. Ashe dabarar tana da asali: likitar yara Heather Zar da abokan aikinta a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu sun nuna a 1999 cewa robar lemo mai cin rabin lita, in an huda ta daidai, tana aiki kamar ta kanti. Maigidana ya lanƙwasa waya daidai bakin inhelar, ya gasa ta a wuta, ya huda gindin robar, ya cusa inhelar ta zauna cif. Muka wanke robar da ruwan sabulu, muka bar ta ta bushe da kanta. Yarinyar ta kama bakin robar da leɓɓanta, in danna sau ɗaya, ta ja numfashi biyar muna ƙirgawa tare. Kafin hunturu na biyu, in mun kwana a gidan Hajiya, ita ce ke ɗaga murya daga ɗaki bayan isha'i, "An ba ta na daren kuwa?"

Yau abin ya zama jiki. Inhelata tana zaune kusa da buroshin haƙori, don in na shaƙa bayan sallar asuba sai in wanke baki gaba ɗaya. In girgiza ta, in fitar da numfashi, in danna ina ja sannu a hankali, in riƙe ina ƙirga goma. Da azumi ɗaya a sahur, ɗaya bayan buɗa-baki. Malamai sun yi saɓani a kan shaƙar inhela da rana cikin Ramadan, tambayar da ta daɗe tana damuna, yanzu kuwa da wuya in buƙaci shuɗiya da rana balle tambayar ta taso. Ba na fita ba tare da ita ba duk da haka, don mai ruwan ƙasa ba ta buɗe ƙirjin da ya riga ya rufe. Kuma magani bai ɗauke mini kiyaye kai ba. Sai na yayyafa ruwa nake shara, a tsakar gida nake turara kaya, na bar maganin sauro mai hayaƙi na koma gidan sauro.

Ilimin ma bai tsaya inda likitata ta same shi ba. A 2019 kwamitin masana asma na duniya, GINA, wanda aka kafa a 1993, ya sauya shawarar da aka yi shekaru ana bi. Ya ce kada a ƙara barin babba ko matashi a kan shuɗiya ita kaɗai, ko da asmarsa mai sauƙi ce. Ya fifita inhelar da ta haɗa budesonayid da fomoterol, mai buɗe ƙirji da sauri, a gwangwani ɗaya, har mai ƙaramar asma yana iya shaƙarta lokacin buƙata kawai. Na ga hikima a nan. Sun gane cewa hannun ɗan Adam abin da ke ba shi sauƙi nan take yake kai wa, kamar yadda nawa ya yi, sai suka jiƙa maficin da ruwa. Wa zai shaƙa kullum, wa zai koma ta haɗin, yaushe za a rage awo, wannan hukuncin likita ne da mara lafiyarsa. Abin da ya tabbata shi ne gwangwani uku na shuɗiya a shekara alama ce ta wuta na ci, goma sha biyu kuwa haɗari ne ga rai. Ni na yi shekaru ina wuce goma sha biyun.

Abin da ke ci mini rai shi ne sauyin nan a ƙofar gidaje kaɗan ya tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ne ke da asma a 2019, ta kuma kashe 455,000 a shekarar, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Beklometazon da budesonayid suna cikin jerin magungunan da hukumar ta ce wajibi ne a same su a kowace ƙasa. Amma ka shiga kemis a unguwa ka ce maganin asma, shuɗiya za a miƙo maka, ko a ƙirga maka ƙwayoyi a leda. A 2023, da darajar naira ta faɗi, wani babban kamfanin magunguna na Ingila kuma ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya, kuɗin inhela ya ninka ya sake ninkawa. Na ga abokiyar aikina tana girgiza gwangwanin da ya ƙare a kusa da kunnenta ko da saura. Wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, in aka ce ya zaɓa tsakanin maganin da zai ji aikinsa yau da wanda sai kalanda ta nuna masa, an san wanda zai ɗauka, kuma ba ni da bakin zarginsa.

Abin da Finlan ta yi ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Yana buƙatar maganin ya kasance a asibitin unguwa, ya shiga inshorar lafiya, mai kemis kuma ya san cewa wanda ya dawo sayen shuɗiya sau uku a shekara asibiti ya kamata ya tura shi. Ranar asma ta duniya Talatar farko ce ta watan Mayu, lokacin da mu a nan zafi muke fama da shi. Ina fata gidajen rediyonmu su riƙa ɗauko zancen a watan Oktoba, kafin hazo ya sauka, don maganin nan makonni yake ɗauka kafin ya kama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hunturun bana ya shigo da ƙarfinsa. Shekaranjiya cikin dare na farka, ba don ƙirjina ba, sai don kunnen da kakata ta bar mini, wanda har yau ba ya barci da hunturu. Na leƙa ɗakin yara. 'Yata tana kwance rigingine, matashi ɗaya, hannu a wurge, ba abin da ke fita daga ƙirjinta sai numfashi. Na juya zan koma sai na jiyo shi ta bayan katanga, daga gidan sababbin maƙwabtanmu: tarin yaro, busasshe, mai siririn fito a ƙarshensa, da muryar uwa tana cewa sannu, sannu. Na tsaya a tsakar gida cikin sanyi har na ji ƙarar fesa inhela sau biyu, tarin ya lafa. Jiya na wanke robar ruwa mai rabin lita na kife ta bushe, na kuma ciro wata kalanda da ba a amfani da ita. Yau bayan la'asar zan shiga mu gaisa, in yi mata sannu da mai jiki, sannan in tambaye ta shuɗiyar nan kwana nawa take yi masa.